NASARA DA NASARA: LABARIN YAƘI DA GAFARA DAGA NASSARAWA TA KANO

Ku 'yan makaranta, na mishan da na Gwamnati, kun san akwai kalma ɗaya a Hausa wadda in an rubuta ta ba a rarrabe ma'anarta sai an ji ta a baki. In mayaƙa suka kori abokan gaba, a kan ce sun yi nasara. In kuwa a na zancen mabiya Annabi Isa, wanda Kiristoci su ke kira Yesu Almasihu, tun zamanin kakanni a kan ce da su Nasara. Da Turawa suka zo ƙasar nan da igwa suka ci birane, sai kalmomin nan biyu suka gamu a bakin jama'a, har mutane da yawa suka ɗauka cin yaƙi da addinin Turawa abu guda ne. To, yau mu na so mu bincika wannan al'amari a hankali. Me addinin Kirista ya koyar a kan yaƙi, da zaman lafiya, da ramuwa, da gafara? Waɗanda suka ci Kano, sun bi koyarwar nan ko sun saɓa mata? Ba mu ga wurin da ya fi dacewa mu tsaya mu yi tambayar nan kamar Nassarawa ta Kano ba, gama a gefen nan na gabas da birni Turawan mulki suka kafa mazauninsu, a nan aka buɗe makarantar Gwamnati ta farko a Arewa, a nan kuma a ke binne sarakunan Kano tun daga Sarki Abbas, wanda a ke yi wa laƙabi Maje Nassarawa.

BAƘI BIYU A ƘOFAR KANO

Cikin watan Afrilu na shekara ta 1900 waɗansu Turawa biyar na mishan ɗin C.M.S. suka iso Kano daga Ikko, bayan tafiya ta watanni. Shugabansu Bishop Tugwell ne, a cikinsu kuwa akwai wani saurayi likita, Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da Likita Mila. Ba rundunar soja a bayansu, Gwamna Lugga ma bai so tafiyar ba. Sarkin Kano na lokacin, Alu Babba, ya karɓe su a fada da fushi, domin sun shigo ƙasarsa ba da izninsa ba, ya ba su 'yan kwanaki su fita. Suka juya ƙasar Zazzau suka sauka a Girku, can ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu cikin shekarar nan.

Ba a cika shekara uku ba sai ga waɗansu baƙi kuma. Cikin watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi, Ɗan Yamusa, ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girma. Gwamna Lugga ya riƙe wannan hujja, ya gama da zancen harin bayi, ya ta da runduna. Ran 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja baƙar fata fiye da 700, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Suka fasa Bebeji a kan hanya, ran 3 ga Fabrairu suka shiga birnin Kano, Sarki kuwa ya na can wajen Sakkwato da dawakinsa. Mutane ɗaruruwa suka mutu a bakin ganuwa. Waziri Ahmadu ya faɗi a Kwatarkwashi, aka kama Alu aka kai shi Lakwaja inda ya rasu cikin 1926, aka naɗa Abbas. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato, ran 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi.

Ga baƙi iri biyu, ƙasarsu ɗaya, addinin da su ke amsawa ɗaya. Na farko sun zo da littafi da akwatin magani, na biyu da harsashi. Gwamna Lugga kansa ɗan limamin Kirista ne, uwarsa kuma ta yi aikin mishan a ƙasar Hindu. Wanne ne a cikinsu ya ke bisa hanyar Linjila? Kafin mu yanke, sai mu koma tushe.

ABIN DA LINJILA TA KOYAR

Linjila ta nuna Yesu ya hori almajiransa kada su rama mugunta da mugunta. Ya umurce su su ƙaunaci maƙiyansu, su yi wa masu tsananta musu addu'a, ya kuma sa albarka ga masu sulhunta mutane. Da Bitrus ya tambaye shi iyakar yawan gafarar da ya kamata mutum ya yi wa ɗan'uwansa, ya ba shi lissafin da ke nuna ba ta da iyaka. A daren da aka zo kama shi, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen wani bawa, Yesu ya hana shi, ya gargaɗe shi cewa takobi ya kan komo kan mai riƙonsa. Kiristoci sun gaskata an gicciye shi, kuma a cikin azabar nan ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Musulmi sun saɓa da su a kan zancen gicciyewa, amma duk wanda ya ke so ya gane zuciyar addinin Kirista tilas ya san wannan, domin a nan ne Kirista ya ke ɗaukar misalinsa na gafara.

Amma cikin littafin nan guda akwai waɗansu wurare da suka sa malamai dogon tunani. Da soja suka zo wurin Yahaya mai baftisma, bai ce su bar aikin soja ba, ya hana su ƙwace da zalunci, ya ce albashinsu ya ishe su. Manzo Bulus kuma ya rubuta wa Kiristocin Rum cewa mai mulki ya na riƙe da takobi don ya hori masu ɓarna. To, ga mutum an ce ya yafe abin da aka yi masa, ga sarki an ɗora masa kiwon talakawa. In mahara suka auka wa gari, sarkin zai naɗe hannu ne ya ce ya yafe? Wannan tambaya ita ce ta dami Kiristoci shekaru aru-aru, kuma abin mamaki, manyan waɗanda suka amsa ta mutanen Afirka ne.

Cikin shekaru ɗari uku na farko Kiristoci ba su da mulki, su ne a ke tsananta wa. Wani malami na birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, mai suna Tartuliyan, ya koyar wajen shekara ta 200 cewa aikin soja bai dace da Kirista ba. Cikin 295, a garin Tebessa na ƙasar Aljeriya, aka kawo wani saurayi mai shekara 21, sunansa Maksimiliyan, za a ɗauke shi soja. Ya ce shi Kirista ne, ba zai yi ba. Aka lallashe shi, aka tsorata shi, ya ƙi, aka fille masa kai. Har yanzu akwai ɗariƙun Kirista da su ke kan wannan ra'ayi, ba su taɓa makami ko kusa.

Amma cikin 313 Sarkin Rum Kustantin ya ba Kiristoci 'yancin addini, kafin ƙarnin ya ƙare addinin ya zama na mulki. Waɗanda a da a ke kora, yanzu su ne alƙalai da hafsoshi. Sai ga Agustin, haifaffen Aljeriya cikin 354, Bishop na birnin Hippo wanda yau a ke kira Annaba. Ya ga an washe birnin Rum cikin 410, shi kansa ya rasu cikin 430 maƙiya na kewaye da garinsa. Agustin ya koyar cewa yaƙi masifa ne ko da mai gaskiya ne ya ci, kuma ba a halatta shi sai bisa tilas, don a tsare marasa ƙarfi a komo da zaman lafiya. Ya ce abin tsoro cikin yaƙi shi ne son zub da jini, da ƙishin ramuwa, da kwaɗayin mulki. Ya hori wani babban hafsa cewa wanda aka ci, ko aka kama, jinƙai ya cancanta. Har ma da waɗansu suka kashe wani limami na ƙasarsa, Agustin ya rubuta wa alƙali ya na roƙo kada a kashe su.

Bayan shekara 800 wani shaihin malami na Italiya, Toma Akwinas, wanda ya rasu cikin 1274, ya tsara maganar nan sharaɗi uku. Na ɗaya, sai halattaccen mai mulki ne zai yi shelar yaƙi, ba kowane mai jin haushi ba. Na biyu, sai da dalili na gaskiya, watau wani zalunci da aka yi. Na uku, sai da kyakkyawar niyya. In ɗaya ya faɗi, yaƙin ya zama zunubi. Cikin 1539 kuma, sa'ad da mutanen Sifen su ke cin ƙasashen Amurka, wani malamin jami'ar Salamanka, Fransisko na Bitoriya, ya tsaya gaban ɗalibansa ya ce bambancin addini ba dalilin yaƙi ba ne, faɗaɗa mulki ba dalili ba ne, neman suna na sarki kuma ba dalili ba ne. Ku riƙe maganar nan, za mu komo kanta.

INDA AKA SAKI HANYA

Koyarwa daban, aiki daban. Cikin 1095 Paparoma Urban na Biyu ya kira sarakunan Turai su tafi yaƙi su ƙwato Ƙudus. Cikin 1099 suka shiga birnin suka karkashe Musulmi da Yahudawa ba adadi, da alamar gicciye a rigunansu. Yaƙoƙin nan sun ja kusan shekara 200, sun bar tabo wanda har yau bai gama warkewa ba.

Amma a tsakiyar wannan duhu aka ga wani haske. Cikin 1219, rundunar Turai na kewaye da birnin Dimyat na Masar, sai wani fakiri mai suna Faransis, mutumin Asisi, ya ƙetare fagen fama da abokinsa guda, ba takobi ba sulke, ya nufi sansanin Sarkin Masar al-Kamil, ɗan ɗan'uwan Salahuddin. Sarkin ya saurare shi, ya girmama shi, ya sallame shi lafiya. Bayan shekara biyu ambaliyar Nilu ta tsare rundunar Turai, yunwa ta kama su, sai al-Kamil ya aika musu da abinci ya bar su suka tafi. Ku duba, jinƙai ba gādon al'umma guda ba ne.

Mabiyan Faransis ɗin nan sun taɓa zuwa ƙasar Hausa tun kafin jihadin Shehu Usmanu da kusan shekara ɗari. Cikin 1710 waɗansu limamai biyu na ɗariƙarsa, Fada Karlo mutumin Jenowa da Fada Seberino, suka tashi daga Tarabulus suka bi ayari ta Agadas, ba makami a hannunsu. Ciwo ya kashe su a ƙasar Katsina cikin 1711.

MU AUNA YAƘIN KANO

To, yanzu sai mu ɗora yaƙin 1903 a kan ma'aunin da malaman Kirista da kansu suka ƙera. Gaskiya ne harin bayi ya addabi ƙasashe da yawa a zamanin nan, kuma rufe kasuwar bayi alheri ne wanda ba mai musunsa. Gaskiya ne kuma an kashe Moloney. Amma wa zai ce saboda ran mutum guda, da laifin mutum guda, ya halatta a fasa Bebeji, a ci Kano, a ci Sakkwato, a bi Sarkin Musulmi har Burmi? Tun taron Balin na 1884 zuwa 1885 ƙasashen Turai su ke tseren raba Afirka, Ingila na gudun kada Faransa ta riga ta. Wannan kuwa shi ne faɗaɗa mulkin da malamin Salamanka ya ce ba dalili ba ne. Abin da ya faru a Satiru, kusa da Sakkwato, cikin watan Maris na 1906 ya fi muni. Talakawa masu gatari da fartanya suka yi tawaye suka kashe Turawa uku da soja, aka komo musu da bindiga mai ruwa, aka kashe wajen mutum 2,000, aka shafe garin. Ina jinƙan nan da Agustin ya ce wanda aka ci ya cancanta? Ko a Landan sai da waɗansu manya suka nuna ƙyama.

Akwai kuma darasi ga 'yan mishan. Da yawa cikinsu sun yi tsammani igwa za ta buɗe musu ƙofar da Sarki Alu ya rufe. Sai ga shi a Sakkwato Gwamna Lugga ya yi alkawari Gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin Musulunci ba, aka kuwa daɗe a na hana mishan shiga biranen sarakuna. Abin da 'yan mishan suka samu na amincewar jama'a, ta hanyar magani da makaranta da haƙuri suka same shi. Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa, cikin 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, shi ne babba cikin masu fassarar. A Kano, 'yan'uwa mata na St. Louis suka zo daga Ailan cikin 1948 suka kafa makaranta, 'ya'yan Musulmi da na Kirista sun yi karatu a hannunsu.

A Nassarawa kuwa akwai wani gidan ƙasa wanda ya kamata kowane ɗan makaranta ya sani, watau Gidan Ɗan Hausa. Mai gidan, Hanns Vischer, haifaffen Basel ne ta ƙasar Suwizalan. Da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar nan cikin 1901, sa'an nan ya shiga aikin Gwamnati, cikin 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno. Cikin 1909 ya buɗe makaranta a Nassarawa, shekara shida kacal bayan igwa ta yi ƙara a bakin ganuwa. Iyaye na tsoro kada a juya musu 'ya'ya, shi kuwa ya koyar da Hausa, ya bar wa malamai karatun addini, bai tilasta wa kowa barin abin da ya gāda ba. Da haka 'ya'yan waɗanda aka yaƙa suka zauna gaban allo tare da wanda ya fito daga cikin masu yaƙin. Amma yaƙi bai bar shi ba. Da Turai ta kama wuta cikin 1914, Ɗan Hausa ya bar Nassarawa ya tafi aikin soja.

DARASIN MANYAN YAƘOƘI

Yaƙin 1914 zuwa 1918 yawancinsa Kirista ne ke kashe Kirista, kowane gefe na roƙon Allah ya ba shi nasara. 'Yan Arewa ma an kai su Kamaru da Afirka ta Gabas. Ran 1 ga Agusta, 1917, Paparoma Benedik na Goma Sha Biyar ya rubuta wa shugabannin ƙasashe ya ce kisan nan na banza ne, su zauna su yi sulhu. Ba wanda ya ji. Yaƙin Hitila ya biyo baya, jiragen yaƙi suka riƙa sauka a Kano a kan hanyarsu ta zuwa Masar, samarinmu suka tafi Bama. Ran 9 ga Agusta, 1945, bom guda ya faɗa a Nagasaki ta Japan, kusa da babbar majami'ar Katolika ta birnin, ya hallaka dubban mutane cikin ƙiftawar ido.

Daga nan Ikilisiyar Katolika ta sake duban al'amarin. Cikin 1963 Paparoma Yahaya na Ashirin da Uku ya ce a zamanin makamai irin waɗannan, hankali ba zai karɓi yaƙi a kan shi ne hanyar gyara zalunci ba. Cikin 1965 babban taron bishop-bishop na duniya a Batikan ya yanke cewa hallaka birni da mutanensa gaba ɗaya laifi ne ga Allah da ɗan Adam. Taron nan kuma ya ambaci Musulmi da girmamawa, ya roƙi ɓangarorin biyu su bar gabar da ta wuce, su gama kai a kan adalci da zaman lafiya. Littafin koyarwar Katolika na 1992 bai soke haƙƙin ƙasa na kare kanta ba, amma ya ɗaure shi da sharaɗi huɗu: ɓarnar maharin ta zama babba, tabbatacciya, mai daɗewa; an gwada dukan sauran hanyoyi sun kāsa; akwai alamar za a ci nasara; kuma yaƙin ba zai haifi abin da ya fi ɓarnar farko muni ba. Ran 4 ga Fabrairu, 2019, Paparoma Faransis da Shaihin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu a kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dabi, shekara 800 daidai bayan gamuwar Dimyat.

GAFARA DA SHARI'A

Kada wani ya ce gafara ita ce a bar mai laifi ya yi ta ɓarna. Ran 13 ga Mayu, 1981, wani Baturke, Mehmet Ali Agca, ya harbi Paparoma Yahaya Bulus na Biyu a dandalin Batikan. Paparoman ya yafe masa tun ya na kwance a asibiti, cikin Fabrairu na 1982 ya zo Kaduna ya yi kira ga Musulmi da Kirista su zauna lafiya, ran 27 ga Disamba, 1983, kuma ya tafi kurkuku ya zauna da maharbin suka yi magana. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekara ta 2000. Watau wanda aka cuta ya sauke ƙiyayya daga zuciyarsa, alƙali kuwa ya yi aikinsa. Paparoman nan ya koyar cewa zaman lafiya ba ya tsayawa sai da adalci, adalci kuma ba ya cika sai da gafara. Cikin Maris na 2000 ya tsaya a bainar jama'a ya roƙi Allah gafara saboda zaluncin da Kiristoci suka yi da sunan addini.

A ƙasarmu ma mun ga misali. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, ubansa mai wa'azin C.M.S. ne, watau daga cikin 'ya'yan itacen da Likita Mila ya dasa. Shi ya ja yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, inda mutane masu ɗimbin yawa suka mutu, galibi da yunwa, kuma masu tarihi na ta muhawara a kan alhakin wannan. Amma da yaƙin ya ƙare ran 15 ga Janairu, 1970, duniya na jiran a yi kisan ramuwa, sai ya yi shela cewa ba wanda ya ci, ba wanda aka ci, ya rungumi waɗanda suka miƙa wuya.

Kano kuwa ta ɗanɗani ɗacin ramuwa. An zub da jini cikinta a 1953, da 1966, da 1991. Cikin Fabrairu na 2004 aka kashe Kiristoci a Yalwan Shandam ta ƙasar Filato, har a cikin majami'a. Farkon Mayu aka rama a kan Musulmin garin, aka kashe ɗaruruwa. Bayan kwana kaɗan aka rama a Kano a kan Kiristocin da ba su taɓa ganin Yalwa ba, aka kashe fiye da 200. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, amma ku duba wa zafin ya ke ƙonawa: mai tireda, da ɗan makaranta, da matar da ta fito cefane. Da Boko Haram ta zo ba ta zaɓa ba. Ran 20 ga Janairu, 2012, ta kashe fiye da mutum 150 a Kano, ran 29 ga Afrilu ta auka wa Kiristoci masu sujada a Jami'ar Bayero, ran 28 ga Nuwamba, 2014, ta kashe fiye da 100 a babban masallacin Juma'a na birni.

Amma cikin watan Janairun nan na 2012, lokacin zanga-zangar kuɗin man fetur, an ga samarin Kirista a Kano sun yi da'ira sun tsare Musulmi har suka idar da salla, Musulmi kuma suka tafi majami'u ran Lahadi don su kwantar wa maƙwabtansu hankali. A Kaduna akwai Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa. Cikin rikicin 1992 su na gaba da juna, Faston ya rasa hannunsa na dama, Limamin ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Cikin 1995 aka gama su, a hankali kowa ya ga littafinsa ya na umurtarsa da yafewa, suka kafa cibiyar sulhu tare, har suka tafi Yalwan nan suka sasanta mutanenta. Ikilisiyar Katolika ta Kano kuma, wadda ta zama cikakkiyar dayosis cikin 1999, bishop ɗinta na farko, Patrick Sheehan, da wanda ya gāje shi cikin 2008, John Namaza Niyiring, dukansu 'yan ɗariƙar Agustin ne, mutumin nan na Afirka da ya ce ba a yaƙi sai don neman zaman lafiya.

To, ku 'yan makaranta, ga abin da mu ke so ku ɗauka. Na ɗaya, kada ku auna addini da aikin mai bindiga kaɗai, ku nemi abin da littafinsa da malamansa na kirki suka ce, sa'an nan ku auna mai bindigar da shi. Na biyu, in wani ya zo ya ce ku tashi ku rama don an taɓa 'yan'uwanku a wani gari, ku tambaye shi: wa ya ba ka iko? Wanda za mu taɓa, shi ya yi laifin? An kai ƙara an rasa mai ji? Abin da zai biyo baya, ba zai fi na farko muni ba? Ba mai tada fitinar da zai iya amsa waɗannan tambayoyi huɗu. Na uku, ku sani gafara aikin jarumi ce, gama riƙe hannu ya fi kai duka wuya. Ku da ke zaune aji ɗaya, Musa da Bitrus, Maryamu da Hauwa, ku ne alƙalai da hafsoshi da limamai na gobe. Mulkin da igwa ta kafa cikin 1903 ya tashi cikin 1960, bai kai shekara sittin ba, amma karatun da aka fara a Nassarawa ga shi a hannunku. Magabata sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu zuciyar yafe wa juna, amin.